Bindigar da Na Kai Badar

Tun da labari ya bazu a unguwa cewa na taɓa riƙe bindiga a ƙasar Larabawa, ban ƙara rasa masu neman shawara ba. Mutum ya yi ɗan gini, ya sa ƙofar ƙarfe, ya ɗaure tumaki biyu a tsakar gida, shi ke nan sai ya ɗauka duk ɓarayin duniya da shi suke kwana a rai. Ya zo ya zauna yana shafa gemu, wai, "Alhaji Sale, wacce ka ga ta dace da mai iyali, mai baki ɗaya ko mai baki biyu?" In na dube shi sai in ga kaina ina ɗan shekara talatin, ƙaton wawa da gashin baki. Shawara kam ba ni da ita. Labari nake da shi, wanda ya ga abin tsinta ya tsinta.

Zangona na farko filin jirgin sama na Madina ne, a ƙarshen shekarun saba'in, lokacin da kowane magidanci a ƙasar Gumel ke ganin in dai ya taka Saudiyya to da tsintsiya zai riƙa share riyal. Wani ɗan garinmu ne ya yi mini hanya, mutum mai zaƙin baki da haƙoran Makka guda biyu. Ya ce aikin ofis ne, har da fanka. Da na iso sai na tarar ofishin nawa bayan babbar mota ne, fankar kuwa iskar jirgi in zai tashi. Dako muke yi wa alhazai, akwatuna da buhunan dabino da dardumai, tun safe har kafaɗa ta gaji da ciwo ta yi shiru don kanta. Fasfona yana aljihun mai haƙoran. In na tambaya sai ya ce, "Haba Sale, a garin Manzo ma ba ka yarda da ɗan'uwanka ba?" Da sunan garin Manzo ya cuce mu, kuma a sahun gaba yake sallah.

Abu ɗaya nake tunawa da daɗi a wurin. Wata rana ƙunshin wata tsohuwa 'yar Damagaram ya kwance a kafaɗata, daddawa ta zube ƙasa. Ƙanshin ya bugi hancina na tsaya cak, na ga madafin innata, na ga tukunyar miyarmu mai tsagaggen baki. Tsohuwar ta lura da ni. Ta ce, "Ɗana, yaushe rabonka da gida?" Na ce shekara ta kusa. Ta tsinci guda uku ta tura mini a aljihu, ta ce, "Ka sa a miya, ka yi wa uwarka addu'a." Ban sa a miya ba. A aljihun na bar su har abokan kwana suka yi mini taron dangi.

Zango na biyu Sultana, unguwar shaguna da gareji da gidajen haya. Nan na san mutum biyun da labarin nan ya rataya a wuyansu. Na farko Baba Usman, mai shagon kwaɗo da igiya da butoci. A Madina aka haife shi, ɗan ƙasa ne cikakke, amma kakansa da ƙafa ya tako daga ƙasar Katsina. Hausarsa rabi Larabci ce, 'ya'yansa kuwa in ka yi musu Hausa su ji sarai, su amsa maka da Larabci. Shi ya taka har wurin mai haƙoran Makka, ya yi masa magana a hankali, ban ji ko kalma ɗaya ba, na dai ga fasfona ya fito. Shi ya samo mini kafili, wato Balaraben da zai tsaya mini, aka yi mini igama, takardar zama, na shiga aikin walda.

Na biyu Kofur Mati. Mu tara ne a ɗaki ɗaya, amma bakin Kofur shi kaɗai ya cinye wurin mutum huɗu. Gadi yake yi a wani sito, wai shi tsohon soja ne. In aka zauna cin shinkafa sai ya naɗe hannun riga ya nuna wani tabo, ya ce harsashi ne. Yau a bakin kogi aka harbe shi, gobe a kan gada, jibi yana ɗauke da kwamandansa a baya. Daga baya wani ɗan garinsu ya gaya mini kuku ne a bariki, tabon kuwa man gyaɗa ne ya fallatsar masa. Amma a lokacin ni baki buɗe nake saurarensa, har ni ke zuba masa shayi.

A shekara ta uku matata Rakiya ta biyo ayarin gwaggonta ta zo Umra, gwaggo ta koma, ita ta tsaya. Ba ta da igama, ba ta da komai sai ni. Kuma ba a ajiye mace a ɗakin ƙarti tara. Baba Usman ne ya sake fid da ni kunya. Ya ce kafilina yana da gonar dabino a Badar, yana neman mai kula da ita, kuma akwai gida a ciki. Ko tambayar nisa ban yi ba na ce na karɓa.

Badar ita ce zango na uku, kuma nan na yi abin da na yi. Tafiya ce mai tsawo daga Madina, duwatsu baƙaƙe dama da hagu, sai ka gangara kwari ka ga dabino kore shar. Gidan ɗaki biyu ne na ƙasa da ɗan madafi, an kewaye da katanga iya wuyan mutum. Magudanar ruwan ban gona ta ratsa tsakar gidan, ta shigo ta rariyar yamma ta fita ta rariyar gabas. Rakiya da ta ga ruwa na gudu a tsakar gidanta, ita da ta tashi tana jan guga gaba ashirin, sai ta zauna a bakinsa ta tsoma ƙafa tana dariya. Tana da ciki wata huɗu a lokacin. Ni kuma ina can ƙarshen gona tun hantsi, ina hawan dabino ina sare busassun ganye, ba na dawowa sai la'asar.

Maƙwabta akwai su, ina hango su ta tsakanin itatuwa, su ɗaga mini hannu in ɗaga musu. Iyakarta ke nan. Larabcina bai wuce na walda ba, kawo, riƙe, kashe wuta. Ga shi ina ɓoye mace marar takarda, ina ganin duk wanda na sake wa fuska gobe shi zai kira mini askarawa. Haka na mai da kaina mujiya a cikin mutane, ina kiran abin da suna taka-tsantsan.

A mako na uku na dawo na sami Rakiya ta kulle kanta a ɗaki. Ta ce bayan azahar ta ji tarin namiji a bayan katanga, ya ɗaga murya ya faɗi wani abu, ta ruga ta sa sakata. Ta ji dirarsa a tsakar gida, ta ji ana kankarar wani abu, can kuma ta ji shiru. Na duba. Ga sawun takalmi a bakin magudana, babba, na namiji. Ga inda ƙasar katanga ta gutsure. Ba a ɗauki ko ludayi ba. Bayan kwana takwas aka sake.

Wanda ba Bahaushe ba ba zai gane abin da na ji ba. A wurinmu ƙanin miji ma a zaure yake tsayawa ya yi sallama a fito masa. Ga wani ƙato yana haura katanga ya dira a gidan matar aure, mai ciki, mijinta ba ya nan. Kuma ba ni da bakin kai ƙara, domin askar na farko da zai shigo takardar Rakiya zai fara tambaya, sai dai in ji an sa ta a jirgi. Na yi wa ubanta alkawari ko ƙuda ba zai sauka a kanta ba. Tsoro na ji, tsoro na gaske, kuma wannan kaɗai ne abin da ba na jin kunyarsa a duk labarin.

Ranar Juma'a na hau akori-kura na tafi Madina. Bayan an sauko na zauna a shagon Baba Usman na zayyana masa komai, na rufe da cewa bindiga nake nema. Ya ajiye kofin shayinsa.

"Ya waladi, me aka ɗauka?"

Na ce ba a ɗauki komai ba.

"Marra biyu, har sau biyu, ya shigo bai ɗauki ko buta ba? Wane irin harami, wane irin ɓarawo ne wannan? Ya taɓa ƙofar ɗakin?"

Na ce bai taɓa ba.

"To maƙwabcinka na gabas, mene ne sunansa?"

Na ce ban sani ba.

"Na yamma fa?" Ya girgiza kai. "Fiye da wata guda kana zaune da mutane ba ka san sunan ɗaya ba, amma ka san kana son harbin ɗaya. Ni ɗan birni ne, ban san nizami da tsarin mutanen gona ba, amma na san suna da shi. Matambayi ba ya ɓata. Ka bari mako mai zuwa in rufe dukan, shagon nan, in zo, mu zaga jiran, maƙwabtanka, in yi maka tafinta."

Na ce mako ɗaya ya yi mini nisa.

Ya ce, "To saurara. Bindiga mamnu'a ce, doka ta hana ta ga baƙo. In aka kama ka da ita, igama ta tafi, kai kurkuku, matarka titi. In ka kashe mutum kuwa, ka san abin da ake yi wa wuya a ƙasar nan. Na ga idonka, na san ba za ka ji ba, shi ya sa zan ƙara maka. Harsashi a ɗaki ɗaya, bindiga a wani ɗakin. Takun da za ka yi tsakaninsu, a nan hankalinka zai cim maka. Kada ka nuna ta ga wanda ba ka ga fuskarsa ba, in ka gani ma ka yi magana tukuna, baki ya riga yatsa. Kuma matarka ta san inda take, don ita ce ke yini da ita, ba kai ba." Ya miƙa hannu ya ciro kwaɗo babba ya ajiye a cinyata. "Wannan hadiyya ce. Shi ba ya tashi da kansa."

Na karɓa na yi godiya ta fatar baki. A zuciyata cewa nake tsoho ya tsufa, zaman Larabawa ya kashe masa zuciya. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, ni kuwa dabino nake hawa kullum, ina ganin na fi kowa hange.

Daga nan na wuce wurin Kofur Mati, shi ko gama bayani bai bari na yi ba. Ya buga cinya ya ce, "Yau ka zama namiji!" Ya ja ni bayan wani gareji, ya shiga ya fito da wani abu a naɗe cikin buhu. Shozan suke ce mata a can, bindigar harbin tsuntsu mai baki biyu, gindinta ya tsage an ɗaure da waya. Harsashi huɗu ya haɗa mini. Ba ni da abin biya, sai ya ce rediyona mai kaset da na kawo gyara ya isa. Rediyon da Rakiya ke kamo Hausa da shi in kewar gida ta taso mata. Na miƙa masa ko gezau.

Sannan ya tsuguna ya ba ni karatu, yana zana ƙasa da tsinke kamar mai shirya yaƙi. "Na ɗaya, kullum a ɗure, bayan ƙofa. Bindigar da ba harsashi sanda ce. Na biyu, kada ka yi magana, wanda ya fara magana shi ake fara harbi, mu a fagen fama haka muka gani. Na uku, ka auna ƙafa, harbin ƙafa ba laifi ba ne a shari'a." Na ce ban taɓa harbi ba, ko in gwada ta a bayan dutse? Ya ce, "Kul! Ƙara za ta tona ka. Ai ba wani abu ba ne, ka runtse ido ɗaya ka ja kunama. Na ƙarshe kuma, kada ka saurari mace a kan maganar ƙarfe. Mace ko wuƙa ta gani sai ta yi salati."

Duk abin da Baba Usman ya faɗa, Kofur ya faɗi kishiyarsa, kuma na Kofur na ɗauka, domin shi ya ce mini namiji. Na naɗe shozan a tabarma na danne da buhun shinkafa. A shingen askarawa na hanya gumi ya jiƙa ni har wando, askar ɗin ko kallon tabarmar bai yi ba. Na ɗauki wannan a matsayin alamar Allah yana tare da ni. Wawa ba ya rasa alama.

Da na isa gida Rakiya ta tare ni da ruwa, ta dubi kayan ta ce, "Malam, ina rediyon?" Na warware tabarma. Ta ja da baya har ta jingina da bango.

"Wannan fa?"

Na ce maganin mai haura katanga ne.

Ta dubi bindigar, ta dube ni. Can ta ce, "Malam, ni fa na lura da wani abu. Ya sake zuwa jiya da ba ka nan, kwana takwas daidai. Kuma duk ranar da ya zo, in ya gama kankare-kankarensa, sai ruwan ya ƙara ƙarfi ya fita ta rariyar gabas. Na leƙa bayan ya tafi, ciyawar da ta toshe bakin rariyar an tsame ta an tara a gefe. Ko don ruwan yake zuwa?"

Na ce, "Ruwa? A cikin gidan matar aure? Ke dai mace ce."

Ga gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba sai da na tsufa. Maganarta ta shige ni. Na san tana da ƙamshin gaskiya. Amma na riga na ba da rediyo, na riga na keto shinge da gumi, an riga an ce mini namiji. In mutumin mai gyaran ruwa ne, to ni mene ne? Wanda ya sayi bindiga ba zaman lafiya yake jira ba, ɓarawo yake jira, in bai zo ba har haushi yake ji. Na ɗura harsashi biyu na jingine ta bayan ƙofar ɗakin kwananmu. Kwaɗon Baba Usman kuwa na jefa shi cikin kwandon albasa.

Mako guda Rakiya tana kewaye ƙofar nan kamar an ce mata maciji na kwance. In za ta yi shara sai ta bar wurin da ƙurarsa. Ta ce mini, "Da, ran takwas-takwas nake jin tsoro. Yanzu kullum ne." Na ce za ta saba.

Da lissafinta na yi amfani, don ni ko kwanakin ban iya ƙirgawa ba. Ranar ta takwas ban je gona ba. Bayan azahar, rana ta take, ko tsuntsu ba ya motsi, na ce ta shiga ɗaki kada ta fito ko me ta ji. Na laɓe a ƙofar madafi da shozan a hannu. Ban daɗe ba na ji tari a bayan katangar gabas. Murya ta ɗaga ta faɗi abin da ta saba faɗa, sau biyu, aka ɗan jira. Sai fartanya ta fara leƙowa, aka jefo ta ciki. Sannan ƙafa, siririya, busasshiya. Sannan mutumin gaba ɗaya ya sauko a hankali yana nishi.

Tsoho ne. Gemunsa fari fat, rigarsa a naɗe zuwa gwiwa. Bai dubi ɗaki ba, bai dubi madafi ba, ya juya mana baya ya sunkuya a bakin rariya ya fara tsamo ciyawa. Na ga fartanyar, na ga furfurar, na ga abin da yake yi. Ba zan ce rana ta kashe mini ido ba. Duk na gani, kuma na ɗaga bindigar, na runtse ido ɗaya yadda kukun bariki ya koya mini, ina neman ƙafa.

Ban ji buɗe ƙofa ba. Sai dai na ga Rakiya a gabana da cikinta, ta kama bakin bindigar da hannu biyu ta tura sama ta kan kafaɗarta. Yatsana yana kan kunama. Ta tashi.

Ban taɓa sanin haka ƙarar take ba. Gindin ya doke ni a ƙirji na faɗa kan tukwane. Ɗanyen dabino da ganye suka riƙa zubowa daga itacen da ke bayan gida. Rakiya ta zauna daɓas a ƙasa ta riƙe kai da hannu biyu, ba ta yi kuka ba, bakinta dai a buɗe. Wani siririn jini yana gangarowa daga kunnenta na hagu zuwa wuya.

Tsohon ya miƙe ya juyo. Ya dube ni, ya dubi bindigar, ya dubi Rakiya. Ya tako ya zare ta daga hannuna yadda ake karɓe wuƙa a hannun yaro, ya buɗe ta ta tsakiya, ya zare harsashin da ya rage ya sa a aljihu. Ya ɗaga murya ya kira wani suna ta kan katanga. Kafin ka ce kwabo na ji gudun mutane ta ko'ina, maza suna tambaya daga waje. Na ce shi ke nan, tawa ta ƙare, ta Rakiya ma ta ƙare. Sai tsohon ya leƙa ta kan katanga da shozan a hannunsa, ya yi musu magana har da 'yar dariya. Na ji su ma sun yi dariya, suka watse. Matarsa ce kaɗai ta shigo, wata gajeriyar tsohuwa, ta rungumi Rakiya ta shigar da ita ɗaki. Shi kuma ya koma ya ƙarasa tsame ciyawarsa, don ranar ruwansa ce kuma rana tana tafiya. Ya haura da fartanya a hannu ɗaya, bindigata a ɗaya. Ban ƙara ganinta ba.

Bayan kwana biyu Baba Usman ya iso kamar yadda ya yi alkawari, ya tarar an riga an yi. Muka tafi gidan tsohon tare. Hamdan sunansa, shi ne mai gonar gabas. Ashe idon ruwa ɗaya ne ke shayar da gonakin kwarin, kowa da ranarsa, kuma mai rana yana da ikon bin magudana duk inda ta ratsa ya share ta, ko cikin gidan wa ta bi. Ubansa ya haura katangar nan, kakansa ma ya haura. Tarin da kiran da yake yi don mata su shige ciki ne. Abin da ya gaya wa mutane kuwa, wai dila ya gani yana bin kaji ya harba da tsohuwar bindigarsa ya kuskure. Ya san Rakiya ba ta da takarda tun makon da muka zo. Duk kwarin sun sani, ba wanda ya ga abin faɗa a ciki.

Ya zuba mana gahawa da hannunsa. Sannan ya yi wa Baba Usman magana yana nuna ni da haɓa. Baba Usman ya juyo ya ce, "Ya ce in tambaye ka. Wata biyu kana jin ƙanshin gahawarsa ta kan katanga, me ya hana ka zuwa ka sha?" Bai ƙara ko kalma tasa a kai ba, bai ce ai na gaya maka ba. Na dubi ɗan kofin da ke hannuna har ya huce.

Na koma wurin Kofur sau ɗaya, ina ganin ko zai ji kunya. Na same shi yana jin kaset a rediyona. Da na gama ba shi labari sai ya tsuke baki ya ce, "Ai laifinka ne. Wa ya ce ka bar mace kusa? Mu a fagen fama..." Na miƙe. Ya biyo ni har titi yana cewa akwai wata ƙarama ta aljihu in ina so, ita ba ta da ƙara sosai. Na ji daga baya ya koma gida ya zama mai ba da shawara kan tsaro a unguwarsu, kuma ana sauraronsa.

Cikin bai taɓu ba, Allah ya tsare. Matar Hamdan ce ta karɓi haihuwar, mace aka samu. Kunnen ne bai dawo ba. Tsohuwar ta yi ta ɗiga man zaitun mai ɗumi, Baba Usman ya samo wani likita da ba ya tambayar takarda, ya haska ya ce dodon kunnen ya fashe kuma abin ya wuce nan, sai haƙuri. Shekara huɗu muka ƙara a gidan nan. Ran takwas-takwas Hamdan ya yi tari, Rakiya ta ajiye masa shayi a kan katanga ta shige ciki. Ko allura ba a taɓa ɗaukar mana ba. Mutum ɗaya aka taɓa yi wa rauni a gidan, kuma mai gadin gidan ne ya yi.

Da muka dawo gida danginta suka tambayi abin da ya sami kunnen. Ta ce zazzaɓin ƙasar ne, mai zafi, ya taɓa mata ji. Haka ta gaya wa ubanta ina zaune, ya yi mini godiya da na riƙe masa amana. Har yau ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, ko a cikin faɗa, kuma mun yi faɗa iri-iri.

Ni kuwa na sha neman gafararta. In na ga tana tsintar shinkafa ko tana ninke kaya, sai in matso in ce, "Rakiya, ki yafe mini abin da na yi miki a Badar." Na faɗa ya fi a ƙirga. Amma kullum ta hagunta nake tsayawa.